Kare Kwale-kwale Daga Cin Filafili da Ruɓewar Itace: Darasi Daga Fadamar Diggi

Gabatarwa

Diggi gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Kalgo, cikin masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi. Wannan yanki yana cikin ƙasar da Gulbin Rima ya ratsa, wato gulbin nan da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza kafin ya faɗa Kogin Kwara. Idan damina ta yi nisa, gulbi yakan cika ya malala cikin fadama, har hanyoyin ƙafa su ɓace. A irin wannan lokaci kwale-kwale ne jakin mutanen fadama. Da shi manomi yake kai wa ga gonar shinkafarsa, da shi masunci yake duba komarsa, da shi kuma ake ƙetarar da mara lafiya da ɗan kasuwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, ya san matsayin jirgi a rayuwar waɗannan jama'a.

Duk wanda ya dubi tsohon kwale-kwale da kyau zai lura da wani abu. A bakin jirgin, daidai inda matuƙi yake zama ko tsayawa, akan sami wani wuri da ya lotsa, ya yi santsi, wani lokaci har ya fara tsagewa. Filafili ne ya ci wurin, ko kuwa gwangwalar da ake tunkuɗa jirgi da ita. Mutane da yawa sukan ɗauki wannan tabo a matsayin alamar tsufa kawai. Amma a idon masanin kimiyyar halittu, tabon ƙofa ce da aka buɗe wa ruwa da ƙananan halittu masu cin itace. Wannan darasi zai bi diddigin yadda ƙaramar gogayya take zama ruɓa, yadda ruɓa take zama huda, da kuma hanyoyin tsayar da ɓarnar tun tana ƙarama.

Tsarin Jikin Itace

Idan aka yanko siririn ɓalli daga kututturen bishiya aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, za a ga ashe itace ba dunƙulallen abu ba ne kamar dutse. Tarin ƙananan bututu ne da zare-zare, a jere bisa tsawon bishiyar, tamkar an ɗaure damin kara. Ta cikin waɗannan bututu ne ruwa yake hawa daga saiwa zuwa ganye lokacin da bishiyar take raye.

Bangon kowane bututu an gina shi ne da sinadarai uku. Na farko shi ne selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na busasshen itace, kuma shi ne zaren da yake ba itace ƙarfin jure ja. Na biyu hemiselulos, mai riƙe zaren da juna. Na uku liginin, wanda yake kamar sumunti, yana ƙanƙame ginin yana ba shi tauri. Kowane ɗaya daga cikin biyun ƙarshe yakan kai kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Har ila yau, kututture yana da sashe biyu. Akwai farin itace na gefe, kusa da ɓawo, mai ɗauke da sitaci da sukari, abincin da ƙwari da fumfuna suke so. Akwai kuma zuciyar itace, mai duhun launi, wadda bishiyar ta cika ta da wasu sinadarai masu ɗaci ko guba ga ƙananan halittu. Wannan ne ya sa zuciyar maɗaci da ta kawo da ta ƙirya suke daɗewa, alhali itace mai taushi irin rimi yakan lalace da wuri. Masassaƙan gargajiya sun san haka tun kafin zuwan littafin kimiyya, shi ya sa gwanin cikinsu yake sa gizago ya fere farin gefen ya bar zuciyar.

Abin da Filafili Yake Yi wa Jirgi

Ɓarnar filafili iri uku ce. Ta farko duka, wato lokacin da kaifin filafili ya bugi gefen jirgi. Ta biyu gogayya, lokacin da sandar filafilin take zamewa a kan bakin jirgi a kowane tuƙi. Ta uku kuwa danniya ce, lokacin da matuƙi ya jingina filafilin a bakin jirgi ya banƙara domin ya juya kan jirgin.

Duka ɗaya ba ya yin komai. Yawansa ne abin dubawa. A ɗauka, alal misali, matuƙi yana tuƙi sau 30 a minti ɗaya, yana aiki awa 3 a rana. A rana ɗaya ya yi tuƙi 5,400 ke nan. Idan ya yi aiki kwana 200 a shekara, adadin ya kai 1,080,000. Ko da sau ɗaya ne cikin goma filafilin yake taɓa jirgin, wuri guda ya sha bugu fiye da sau 100,000 a shekara. Hausawa sun ce yau da gobe ta sa allura ginin rijiya.

Daɗin daɗawa, ruwan gulbi ba ya rabuwa da yashi da laka. Ƙwayar yashi ta fi itace tauri nesa ba kusa ba, har ma ta fi ƙarfen ƙusa. Gwangwalar da aka kafa a ƙasan gulbi takan fito da yashi a jikinta, sa'an nan a ja ta a kan bakin jirgi, sai ta yi aiki irin na takardar goge katako da kafinta yake amfani da ita. Jiƙaƙƙen itace kuma ya fi busasshe taushi, domin ruwa yana shiga tsakanin zaren selulos ya sassauta su. Saboda haka gefen jirgi yana shan gogayya a daidai lokacin da ba shi da ƙarfin jure ta.

Danniyar banƙara ta fi sauran muni, kuma ɗalibin fiziks zai iya lissafa ta. A ce bakin jirgi ya zama madogarar filafili. Daga madogarar zuwa tafin filafilin da ke cikin ruwa santimita 120 ne, daga madogarar zuwa hannun matuƙi kuwa santimita 40. Idan ruwa yana tunkuɗar tafin da ƙarfin niyuton 50, dole hannu ya sa niyuton 150 kafin a yi daidaito, domin 50 sau 120 daidai yake da 150 sau 40. Madogarar ita ce take ɗauke da su duka biyun, wato niyuton 200, kwatankwacin nauyin kilo 20. Idan wurin da sandar ta taɓa bai wuce murabba'in santimita 2 ba, kowane murabba'i yana ɗauke da niyuton 100. Irin wannan danniya, idan aka maimaita ta dubban lokuta a kan jiƙaƙƙen itace mai yashi, takan murƙushe bututun da ke sama, ta ɓare fenti, ta bar bakin bututu a buɗe.

Daga Tabo Zuwa Ruɓa

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Itace yana shan ruwa ta bakin bututunsa fiye da yadda yake sha ta gefe, ninki 10 ko fiye. Da zarar filafili ya kware fenti ya yayyanka zaren sama, wurin ya koma tamkar soso.

Itace yakan kumbura idan ya sha ruwa, ya kuma tsuke idan ya bushe, amma ba daidai a kowane ɓangare ba. A tsawonsa kusan ba ya motsi. A kewayen kututture kuwa tsukewarsa ta kusa ninka wadda yake yi daga tsakiya zuwa ɓawo sau biyu. Wannan rashin daidaito shi ne yake tsaga itace. A ƙasar Kebbi, inda hunturu yake busar da iska ƙwarai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bazara kuma zafi ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, saman katako yakan bushe da sauri alhali cikinsa yana jiƙe. Sai saman ya dare, kuma darewar takan soma ne daga wurin da ya riga ya yi rauni.

A cikin wannan tsaga ne ƙwayoyin fumfuna suke sauka. Fumfuna dangin naman kaza ce. Ƙwayoyinta suna yawo a iska da ruwa da ƙasa, ido ba ya ganinsu. Idan ƙwaya ta sami wuri, sai ta tsiro da siraran zare masu ratsa bututun itace, suna fitar da sinadaran narkarwa, wato enzayim, waɗanda suke farfasa bangon bututun su mai da shi abinci. Masana sun kasa ruɓar gida uku:

1. Jar ruɓa: fumfunar takan cinye selulos da hemiselulos ta bar liginin. Itacen yakan yi ja-ja, ya tsattsage gida-gida kamar busasshiyar laka, ya marmashe a hannu.

2. Farar ruɓa: wannan takan ci liginin ma. Itacen yakan yi fari-fari, ya yi laushi, ya zama zare-zare.

3. Ruɓar sama: ta fi kama itacen da yake yawan jiƙewa. Takan laushe fatar sama kaɗan-kaɗan. A jirgi wannan tana haɗa kai da filafili, domin filafili yana kankare abin da ta laushe, ita kuma tana samun sabon wurin ci.

Fumfuna tana bukatar abu huɗu kafin ta rayu: abinci, da danshi, da iskar oksijin, da ɗumi. Itacen shi ne abincin. Ɗumin da ta fi so, tsakanin digiri 20 zuwa 35, ƙasar Hausa ba ta rasa shi kusan duk shekara. Game da danshi kuwa, itacen da ruwan cikinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari na busasshen nauyinsa ba, ba ya ruɓewa. Ruɓa takan yi ƙarfi ne idan danshin ya kai kashi 30 ko ya haura.

Abin tsoro a nan shi ne ƙarfin itace yana zubewa tun kafin ido ya ga ɓarna. Itacen da jar ruɓa ta kama yana iya rasa fiye da rabin ƙarfinsa na jure duka tun bai rasa kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa ba. Katako yana nan da kamanninsa, amma ranar da ya haɗu da kututture a ƙarƙashin ruwa sai ya karye.

Darasin Jirgin Dufuna

A shekarar 1987 wani makiyayi mai suna Malam Ya'u yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani dogon itace a zurfin kimanin mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Farankafot ta Jamus, cikinsu har da Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tono shi. Kwale-kwale ne mai tsawon mita 8.4, an sassaƙa shi daga itacen dangin maɗaci. Gwajin kabon ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wato shi ne jirgi mafi daɗewa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka.

Yaya aka yi itace ya shekara 8,000 alhali jirgin masunci yakan ruɓe cikin 'yan shekaru? Amsar tana cikin bukatun nan huɗu. Jirgin Dufuna yana binne cikin jiƙaƙƙiyar laka, inda iskar oksijin ba ta kai wa. Akwai abinci, akwai danshi, amma babu iska, don haka fumfuna ta kasa aiki. Haka kuma azarar da ke cikin busasshen soro takan daɗe, domin akwai iska amma babu danshi. Wurin haɗari shi ne tsakiya, inda ruwa da iska suke haɗuwa: bakin jirgi da filafili yake jiƙawa, da layin da ruwa yake tsayawa a gefen jirgi, da cikin jirgi inda ruwan sama yake kwanciya.

Ƙaramar Huda, Babban Haɗari

Jirgi yana tsayawa bisa ruwa ne saboda ruwan da ya ture yana tallafe shi, kamar yadda Arkimidis ya bayyana tun kafin haihuwar Annabi Isa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Duk litar da ta shiga jirgi, kaya ne aka ƙara masa.

A 1643 wani masani ɗan Italiya, Torichelli, ya nuna cewa saurin ruwa ta huda ya dogara ga zurfin hudar. Huda mai faɗin murabba'in santimita 1, wato kamar kan ƙaramin yatsa, idan tana santimita 20 ƙarƙashin ruwa, takan shigo da kimanin lita 7 a minti ɗaya. Cikin rabin awa jirgi ya ɗauki kilo 200 na ruwa, nauyin manya uku. Yayin da jirgin yake ƙara nutsewa, hudar tana ƙara zurfi, ruwan yana ƙara sauri. Tsagar bakin jirgi, wadda take sama da ruwa lokacin da jirgi ba kaya, takan koma dab da ruwa ranar kasuwa idan an yi lodi. Ruwan da ke kwance cikin jirgi kuma yana gangarawa duk gefen da jirgin ya karkata, ya ƙara masa karkata.

Jihar Kebbi ta ɗanɗana ɗacin wannan. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare ya nutse kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta ƙasa, NIWA, ta danganta haɗarin da yawan lodi da kuma tsufa da raunin jirgin. Wancan babban jirgi ne mai inji, amma ka'idar ɗaya ce ga ƙaramin kwale-kwalen fadama.

Akwai kuma wata illa ta lafiya. Wanda ƙafafunsa suke cikin ruwan da ya yoyo cikin jirgi yana iya kamuwa da tsargiya, domin tsutsar cutar tana fitowa ne daga dodon koɗi na ruwan daɗi, ta huda fata ta shiga jiki.

Hanyoyin Kariya

Wannan matsala ba ta mutanen fadama kaɗai ba ce. A tsibiran Hawai na Amurka akwai wasan tsayawa bisa wani faffaɗan allo ana tuƙa shi da dogon filafili, wasan da ya bazu a duniya bayan shekarar 2000. Allon ana yin sa da soso mai tauri, a lulluɓe shi da zaren gilas da danƙon roba. Idan filafili ya fasa lulluɓin gefe, ruwa yakan shiga soson, allon ya yi nauyi. Maganin da masu wasan suka samo shi ne liƙa tef mai kauri a gefen allon, da sanya roba a kaifin filafilin. Hikimar ita ce a bar abu mai araha ya sha dukan a madadin abu mai tsada. Mai kwale-kwale zai iya yin haka da kayan da ke kasuwar ƙauyensa.

1. Matashin bakin jirgi. A yanko tsohuwar taya ko tsohon bel na inji a shimfiɗa a inda filafili yake taɓawa, ko a kafa siririn katako wanda za a cire a sauya idan ya cinye. Idan matashin ya baza niyuton 200 ɗin nan a kan murabba'in santimita 20, danniyar ta sauko daga 100 zuwa 10. Sai dai a shafa fenti ko kwalta a ƙarƙashinsa tukuna, a kuma riƙa ɗaga shi ana dubawa, domin roba tana riƙe danshi.

2. Gyaran filafili. A goge kaifinsa ya zama mai kumbo, a naɗe sandar da robar tsohon tub a daidai inda take gogar jirgi. A riƙa ɗauraye yashi daga gwangwala da bakin jirgi.

3. Gyaran tuƙi. Gwanin matuƙi yakan tsoma filafili a miƙe, ɗan nesa da jikin jirgi, ya juya kan jirgi da murɗa tafin filafilin a ƙarshen tuƙi. Wanda ya kalli tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, zai ga irin wannan gwaninta. Yaro mai koyo ya fi kowa bugun jirgi, don haka shi ya fi bukatar matashi.

4. Rufe tabo da wuri. A kankare wurin har a kai ga lafiyayyen itace, a bari ya bushe sarai a inuwa, sa'an nan a shafa. Wanda ya shafa kwalta a kan jiƙaƙƙen itace ya kulle danshi ne a ciki. Tsaga kuwa a cusa mata auduga ko tsumma kafin a bi da kwalta. Baƙin mai na mota bai dace ba, domin yana wankewa cikin gulbi da gubar da ke cikinsa, kifi ya ɗauka, mutum ya ci.

5. Ƙusa. Tsatsar ƙusar ƙarfe tana cin itacen da ke kewaye da ita har ramin ya buɗe. Ƙusa mai rufin tutiya ko ta jan ƙarfe ta fi dacewa.

6. Ajiya. A kwashe ruwan cikin jirgi kullum. Idan za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a kife shi a inuwa bisa duwatsu, nesa da ƙasa saboda gara, ko kuwa a nutsar da shi gaba ɗaya cikin ruwa. Mafi munin ajiya ita ce a bar shi rabi a ruwa rabi a tudu.

7. Bincike kafin damina. A bi jirgin da tsinin wuƙa ana dannawa. Lafiyayyen itace yakan ƙi wuƙa, ya ɓalle da dogon sili. Ruɓaɓɓe kuwa wuƙa takan shige, ya gutsure gajere. A kuma ƙwanƙwasa: amon lafiyayye a sarari yake, na ruɓaɓɓe a dushe.

Kariya ba ta maye gurbin kiyaye lodi da sanya rigar ruwa. Amma tana da wata fa'ida ta daban. Manyan bishiyoyin da ake sassaƙa jirgi da su suna ƙaranci. Yarjejeniyar duniya ta CITES ta sanya madobiya cikin jerin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu a 2016, a 2022 kuma aka ƙara da dangin maɗaci da na kawo na Afirka. Jirgin da aka tsawaita rayuwarsa, bishiya ce aka bari a tsaye.

Gwaji Don Aji

Malami ya samo katako ɗaya a yanka shi gida uku daidai wa daida. A shafe biyu da fenti ko'ina, na uku a bar shi haka. Idan fentin ya bushe, a karce ɗaya daga cikin masu fentin da ƙusa sau 20, a gicciye da tsawon zaren. A auna nauyin kowanne, a jiƙa su cikin bokiti awa 24, a goge, a sake aunawa. A cire nauyin farko daga na biyu, a raba da nauyin farko, a ninka da 100. Katakon da ya tashi daga giram 100 zuwa 130 ya sha ruwa kashi 30 ke nan. Daga nan a sa kowanne cikin leda da ɗan jiƙaƙƙen turɓaya, a bar ƙaramar kafar iska, a ajiye a inuwa mako 6. Ɗalibai su rubuta inda farin zaren fumfuna ya fara bayyana, su kuma gwada taurin kowanne da tsinin ƙusa. A wanke hannu bayan an taɓa.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa huɗu da fumfuna take bukata, ka bayyana wanda ya ɓace a ramin Dufuna.

2. Idan hannun matuƙi yana santimita 60 daga bakin jirgi maimakon 40, sauran adadin kuma ba su sauya ba, niyuton nawa bakin jirgin zai ɗauka?

3. Me ya sa bai kamata a shafa kwalta a kan jiƙaƙƙen itace ba?

4. Ziyarci wani masassaƙi ko masunci a garinku, ka tambaye shi itacen da ya fi so don jirgi da wanda ya fi so don filafili, ka kwatanta dalilansa da abin da wannan darasi ya bayyana.